Sawu a Ƙarƙashin Allon Mesa

Ranar Juma'a ce, liman bai gama sallamewa ba aka ji kururuwar mata daga bakin kasuwar Ajingi. Siton ƙungiyar manoma ya kama da wuta. Kafin a ce wani abu masallata sun watse, wani da takalmi ɗaya, wani ba hula. Ba kwanon rufin ne ya sa su gudu ba. Irin gyaɗa ne a ciki, wanda aka kawo musu daga Kano bayan farin bara ya cinye nasu, kuma ranar Lahadi aka shirya rabawa. Zuwa la'asar babu abin da ya saura sai bango huɗu da ƙaurin ƙona.

Mutanen gari ba su ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. Akwai maigadi, wani dogon Bafulatani mai suna Bubayero, wanda fari ya kashe masa garke shekarun baya ya bar shi da saniya ɗaya, shi ya sa ya zo gari ya riƙe sandar gadi. An san yana hura wutar shayi a gindin bango. An san ya taɓa cacar baki da manoma a kan burtali. Ranar kuma ba a gan shi a masallaci ba, ba a gan shi a bakin sito ba. Me ya rage? Aka ɗaure shi a zauren Dagaci, aka ce motar Lahadi za ta wuce da shi Gaya gaban alƙali.

Dagaci dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai ya aika Kademi a zo masa da Maiwada mai bin sawu.

*

Maiwada ya iso da hantsin Asabar a kan jakinsa, tsoho ne busasshe, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Shekara arba'in yana bin ɓarayin shanu, kuma harshensa ya fi idonsa kaifi. Da ya ga filin gaban sito sai ya tofar da tukar goro.

"Ranka ya daɗe, gari guda ya yi sukuwa a nan, sannan a kira ni in nemi ƙafa ɗaya? Ai da ka kira boka."

"Ka dai duba," in ji Dagaci. "In shi ne, shi ne. In ba shi ba ne, ba na son hakkinsa."

Wanda ya yi masa jagora shi ne Malam Abdulsalam, mai riƙe da makullin sito. Gajeren mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, wanda ake kawo wa wasiƙa ya karanta, boko ko ajami. Tun a hanya ya karɓi jakin Maiwada, ya ce a gidansa zai sauka, har an dama masa fura. Maiwada ya ji mutumin ya kwanta masa a rai.

A ciki, dama da ƙofa, akwai wani akwatin ƙarfe da wuta ta cinye jan fentinsa. Mesar ruwa ta zubo daga ciki, rabi a ƙone, rabi a tattare. Bututu ya ratso bango daga tankin da ke kan hasumiya a waje.

"Wannan ce mesar kashe gobarar da ake ba da labari har Kademi?"

"Ita ce. Masu kashe gobara na Kano suka kafa ta shekara biyu da suka wuce."

"To me ya hana ta aikinta?"

"Ruɗewa," in ji Malam Abdulsalam. "An buɗe famfo tana naɗe, ta tsage. Ruwan ma bai taka kara ya karya ba."

Maiwada ya ɗaga kai. Sama da akwatin akwai ramuka huɗu a bango. Ya tambaya, aka ce masa wurin allo ne, jan allon ƙarfe mai zanen mutum yana jan mesa, da rubutun boko na yadda ake amfani da ita. Da yake masu karanta boko a garin ba su cika hannu ba, Malam Abdulsalam ya sa farin fenti ya rubuta bayanin da ajami a ƙasa.

"Yana ina?"

"Allah masani. Ko yana cikin tokar nan."

Maiwada ya shafa bangon da tafin hannu. Kunkunniya ta rufe ko'ina bai ɗaya, har cikin ramukan. Ya goge hannunsa a wando, ya ce a kai shi wurin ɗaurarre.

*

Bubayero na zaune ya jingina da bango, igiya a wuyan hannu, kansa a miƙe. Kwanon tuwon da aka kawo masa na nan a rufe.

"Baffa, sannu da wannan hali."

"Yawwa."

"Kai ka sa wutar?"

"A'a."

"Ina kake lokacin da ta tashi?"

Shiru. Maiwada ya san Fulani, ya san irin wannan shirun, ba na rashin gaskiya ba ne kawai, akwai na kunya. Ya gyara zama, ya dubi ƙafafun mutumin, dogaye, da busasshiyar laka baƙa a tsakanin yatsu.

"Wannan lakar ta fadama ce. Babu irinta a cikin gari. Saniyar ka kai wa ruwa ko?"

Bubayero ya sunkuyar da kai. "Kwana biyu ba ta tashi ba. Na ce kowa na masallaci, ba wanda zai gani. Amana aka ba ni, na bar ta na tafi wajen saniya. Da wane baki zan faɗa?"

"Da bakin da za ka ci tuwon gidan yari in ka ƙi."

"In an kai ni Gaya, wa zai ba ta ruwa?" Abin da ya dame shi ke nan, ba alƙali ba.

Tausayi ya kama Maiwada, amma tausayi ba sheda ba ne. Mutum na iya cinna wuta sannan ya tafi fadama. Ya tambaye shi ko yana da makulli, ya ce sandarsa kawai aka ba shi, ko bakin ƙofar bai taɓa tsallakewa ba.

*

Hanne mai ƙuli-ƙuli tana suya a wata rumfa taku ashirin daga sito, kuma tun kafin Maiwada ya gama sallama ta fara rantsuwa.

"Wallahi ni ranar Juma'a ba na hura wuta! Duk mai cewa tartsatsina ne, Allah ya isa!"

"Iya, wa ya ce?"

"Za a ce. Na san garin nan. Da ba a sami Bafulatanin ba, ni za a ɗaure."

"To in jifa ya wuce kanki, shi ke nan ya faɗa kan kowa?"

Ta juya ƙuli-ƙulinta. Sai ta rage murya ta ce in ana neman mai laifi a leƙa maƙerar Datti. Tun ranar da aka kafa mesar nan yake haɗiyar yawu a kan bakinta na tagulla, yana cewa zai yi munduwa goma. Kuma kwaɗon sito, wa ya taɓa gyara shi in ba Datti ba? Maƙeri ai ba ya neman makulli.

"Allon fa? Yaushe rabonki da ganinsa?"

"Alhamis da yamma. Ƙofa na buɗe, ina hango shi ja wur. Allah sarki, sunan Allah ne fa a kai. Malam da bisimilla ya fara rubutun. Jiya tsofaffi har tona toka suka yi suna nemansa. Garin da sunan Allah ya ƙone a cikinsa, ina zai ga ruwan sama?"

Maiwada ya saya mata ƙuli-ƙulin da ba ya da haƙoran ci, ya wuce.

*

Bakin tagullar kuwa na nan a maƙera, an tura shi ƙarƙashin zugazugi, gefensa na leƙowa. Datti, ƙaton mutum mai sabon ƙuna a dantse, ya ga inda idon tsohon ya sauka, gumi ya karyo masa.

"Baba, bayan wuta ta mutu na tsince shi."

"Tsintuwa a cikin ɗakin mutane? Mu a Kademi wani suna muke kiranta."

"Na ɗauka, ban musa ba. Amma ni na fasa ƙofar nan da guduma! Dubi hannuna. Wanda ya sa wuta zai shiga cikinta?"

"An sha yi. Kai ka buɗe famfo?"

"Ni ne." Ya share fuska. "Na san akwai abin da ake fara yi, na manta, ko jan mesa ne ko murɗa famfo. Na ɗaga kai in dubi zanen mutumin nan, ban gan shi ba. Na ce ko hayaƙi ne. Sai na murɗa kawai."

"Wutar ta kai wajen ƙofa lokacin?"

"Tana can ƙurya tukuna."

"Kwaɗon a kulle ka same shi?"

"Garam."

Maiwada ya fito yana lissafi a ransa. Alhamis allo na nan. Juma'a, wuta ba ta iso ƙofa ba, allo ba ya nan. Da yana bango lokacin da hayaƙi ya turnuƙe, da ya bar farin gurbi a bayansa, amma kunkunniya ta shafe wurin kamar ba a taɓa rataya komai ba. Wani ya cire shi kafin wuta. Amma wane irin ɓarawo ne zai bar tagulla, ya bar buhunan gyaɗa, ya ɗauki allo?

*

Ya koma sito shi kaɗai da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori 'yan kallo. Ya auna tsakanin ramukan da taƙi, ya je ya auna 'yar tagar baya. Allon ba zai fita ta nan ba. Ta ƙofa ya fita, kuma an mayar da kwaɗo.

Ta tagar ya hango wani abu da ya tsayar da shi. A bayan sito akwai dashen mangwaro guda shida, kore shar, a shekarar da kuka ma ta ji jiki. A bakin tagar kuma bulo ya goge, ya yi santsi, irin gogewar bakin rijiya inda igiya ke bi.

Ya tsinko reshen dogon yaro a waje, ya dawo gindin akwatin, ya durƙusa ya fara share toka a hankali. Da farko ƙusoshi huɗu ya samu, masu murɗi, ba ko ɗaya da ta lanƙwashe, a jere a kan akwatin kamar an ajiye don gobe. Sannan ya iso daɓe. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya ji ƙarar tukunya. Ƙasar wurin jiƙaƙƙiya ce ta daɗe tana shan ruwa, wuta ta zo ta gasa ta. A cikinta kuwa ga sawu biyu, sun gasu tsaf.

Ba takalmi. Ba dunduniya. Yatsu ne kawai suka nutse, wato mutum ne ya yi ɗage yana miƙa hannu sama. A ƙafar hagu yatsu huɗu suka fito, ƙaramin bai taɓa ƙasa ba. Bubayero, da tsawonsa, da sai ya sunkuya ma kafin ya kwance ƙusar ƙasa.

Maiwada ya daɗe a tsugune. Wa ke tuɓe takalmi a cikin sito mai cike da ɓawon gyaɗa da tsinin kara? Sai maganar Hanne ta sunan Allah a kan allon ta faɗo masa. Ya fara ganin inda sawun ya nufa, kuma bai so ba.

Da la'asar ya yi salla a ƙaramin masallacin unguwa. Bayan an watse ya ɗaga kai wajen azara, inda ake cusa tsofaffin takardun karatu don kada a taka. Akwai wani abu mai faɗi a naɗe da farin ƙyalle, kusurwarsa ja tana leƙe. Ya bar shi a wurinsa. Tuwon da aka kawo masa daga cikin gidan Malam Abdulsalam da yamma, loma biyu ya iya yi.

*

Lahadi da hantsi motar Gaya ta tsaya a bakin kasuwa tana ta hon. Maiwada ya roƙi Dagaci ya tara mutane kafin a fita da ɗaurarre. Tun da sassafe ya sa aka zuba lallausan rairayi a ƙofar zaure, aka baje shi da tsintsiya. Ba wanda ya kula, don ba wanda ke shiga gaban Dagaci da takalmi. Shi kuma ya zauna a dokin ƙofa yana ɓare goro, yana amsa gaisuwa, idonsa a ƙasa yadda ya saba.

Datti ya shige, Hanne ta rakuɓe daga waje, dattawan ƙungiya suka shige, Malam Abdulsalam ya shige. Maiwada ya dubi rairayin, ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya sa aka kifa ƙwarya a kan sawu ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "Datti ya ɗauki tagulla, zai mayar. Hanne ba ta hura wuta ba. Bubayero ya bar gadi ya kai wa saniyarsa ruwa, wannan tsakaninku ne da shi. Amma ba shi ya ƙona sito ba."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce in ba shi ba wa?

"Wanda ya ƙona shi mai tsoron Allah ne."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ku saurara. Ya shiga da makulli. Ya zo zai ƙyasta ashana, sai ya ɗaga kai ya ga bisimilla a bango. Hannunsa ya ƙi. Ya tuɓe takalmi, ya yi ɗage don gajere ne, ya kwance allon ƙusa bayan ƙusa, ya sa shi cikin riga, sannan ya cinna wutarsa a ƙurya, ya kulle, ya kai allon masallacin unguwa, ya samu sahun baya a Juma'a. A aiki ladan ya duba azara. Sawunsa kuma yana gindin mesa, wuta ta gasa mana shi. Ɗan'uwansa ga shi can ƙarƙashin ƙwarya. Duk mai shakka ya je ya gwada."

Ba wanda ya motsa. Ladan ya tafi ya dawo da abin a rungume, ya warware ƙyallen. Allon ya fito ja wur, ko ɗigon baƙi babu.

"Ba sai an ɗaga ƙwarya ba," in ji Malam Abdulsalam. Muryarsa ba ta canza ba. "Ni ne."

Dagaci ya dafe kai. "Malam? Kai? Don me?"

"Mangwaron nan, ranka ya daɗe. Na ga suna mutuwa, na ce guga biyu ba zai rage tanki ba. Na riƙa zura mesar ta taga. Ashe mahaɗinta na yoyo, ruwa na bin ƙarƙashin buhuna. Ranar Alhamis na buɗe don shirin rabo, na tarar fumfuna ta cinye irin, baƙi ƙirin, ya dunƙule. Na kwana ina tunanin yadda zan tsaya gabanku yau in ce ni na ruɓar da shi. Na ce gobara daga Allah take, ba a tuhumar kowa." Ya dubi Bubayero. "Ban zaci za a kama wani ba."

"Amma da aka kama shi ka gani," in ji Maiwada. Haushi ne ya taso masa, haushin furar da ya sha da tabarmar da ya kwana a kai. "Kwana biyu kana wucewa ta ƙofar zauren nan."



Aka kwance Bubayero. Ya murza wuyan hannunsa, ya miƙe, sai da kansa ya kusa taɓa rufi. Mutanen da suka ɗaure shi kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Shi kuwa allon ya nufa, ya tsaya a kansa.

"Shekara biyu ina gadin abin nan, ina hango shi daga waje, ban san me ya ce ba. Malam, karanta mini."

"Baffa, ka yi wa Allah..."

"Karanta mini."

Malam Abdulsalam ya matso, ya bi farin rubutun da yatsa, rubutun hannunsa.

"Bismillahi. Kada a taɓa wannan mesa sai don gobara. A warware ta duka. Sannan a buɗe famfo."

Datti ya saki wani nishi, ya dubi ƙunan hannunsa.

Bubayero ya gyaɗa kai. "Ka kyauta da ka fitar da sunan Allah, Malam. Shi wuta ba ta cin sa. Nawa ne ka bari a ciki."

Ya ɗauki sandar gadi daga inda aka jingine ta, ya ajiye a gaban Dagaci da hannu biyu. Dagaci ya ce ya tsaya a yi magana, a ba shi haƙuri gaban jama'a. Ya ce ya gode, amma saniyarsa ba ta sha ruwa ba tun Juma'a. Ya fita, ya taka rairayin, ya miƙe hanyar fadama.

Motar Gaya ta sake yin hon. Dogari ya ɗauko igiyar da aka kwance, ya tsaya yana jujjuya ta, ya rasa ta inda zai fara ɗaure malamin da ya raɗa wa 'ya'yansa suna. Malam Abdulsalam ne ya miƙa masa hannuwan da kansa.

Maiwada bai tsaya cin abincin Dagaci ba. Ya kwance jakinsa, ya bi ta bayan sito don kada ya haɗu da masu son yi masa sannu. Daga gabas hadari ya fara haɗowa, na farko a shekarar, iska na kaɗa mangwaron nan shida. A gonakin bakin hanya an gama sharar gona, an ja kunyoyi, ana jiran iri.